Akawun uku a waya ɗaya: da wane adireshi zan tura saƙon imel gaba?

Ma'aikata da yawa a Birnin Kebbi suna yawo da akawun ɗin imel biyu ko uku a waya ɗaya. Ɗauki malamin jami'a: yana da adireshin makaranta mai ƙarewa da edu.ng, ga Gmail ɗinsa na kansa, ga tsohon Yahoo da ya buɗe tun zamanin da ake biyan kuɗin awa a shagon intanet. Wataƙila kuma shi ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta garinsu a wajen Argungu, ita ma da nata adireshin. Duk saƙonnin a manhaja ɗaya suke zuba, kuma wajen tura saƙo gaba ne aka fi yin tuntuɓe.

Idan na danna Forward, sunan wa za a gani a can?

Naka. Saƙon da ka tura gaba sabon saƙo ne daga gare ka, tsohon yana kwance a cikinsa kawai. Sunan wanda ya fara aikowa zai fito a cikin rubutun, tare da rana da lokaci, amma layin From na sama, wato layin mai aikawa, adireshinka ne, kuma duk amsar da za a bayar can za ta faɗa. Wannan daban yake da turawar da ake saitawa ta riƙa tafiya da kanta daga wani akwati zuwa wani. Ita wannan, saƙon yana isa ne da sunan ainihin mai aikowa.

To wane adireshin manhajar ke zaɓa mini idan ban taɓa komai ba?

Galibi akawun ɗin da saƙon yake zaune a cikinsa. Haka Outlook ke yi a kwamfuta, haka manhajar Gmail ke yi idan ka shigar da kowane akawun daban. Matsalar tana ɓullowa ne ga wanda ya karkatar da komai zuwa akwati ɗaya don sauƙi. Misali, malamin nan ya saita imel ɗin makaranta ya riƙa zubowa cikin Gmail ɗinsa na kansa. Yanzu takardar shugaban sashe tana cikin akwatinsa na gida, kuma idan ya tura ta ga jami'in jarabawa, da adireshin gida za ta fita, sai fa in ya riga ya haɗa adireshin makarantar a matsayin wanda zai iya aikawa da shi.

Ana yin haɗin ne a Gmail na kwamfuta: ka shiga Settings, sai Accounts and Import, sai Send mail as. A nan ƙasa akwai zaɓi biyu: ko kullum a amsa da babban adireshinka, ko a amsa da adireshin da aka aiko saƙon gare shi. Na biyun ya fi dacewa da mai akawun da yawa. Sai dai rubutun zaɓin maganar amsawa yake yi, saboda haka wajen turawa gaba kada ka saki jiki, ɗaga ido ka dubi layin From.

Ni da kaina, yaya zan gane wanda ya dace?

Ka tambayi kanka, maganar nan ta wa ce, kuma ina nake so amsarta ta sauka? Adireshi kamar takarda mai tambarin ofis yake: ba a rubuta wa suruki gaisuwa a kanta, ba a kuma kai wa magatakarda rahoto a fallen littafin rubutu.

Ɗauki rasit ɗin takin da dillali ya aiko wa sakataren ƙungiyar manoman nan ta Gmail ɗinsa na kansa, don shi ne adireshin da dillalin ya sani. Zai tura wa ma'aji. Idan ya tura da adireshin ƙungiya, kwafin zai zauna a akwatin Sent na ƙungiya, amsar ma'aji ta dawo nan, kuma ranar da aka yi sabon zaɓe, sabon sakatare zai tarar da komai. Idan ya tura da na kansa, tarihin kuɗin jama'a ya koma aljihun mutum ɗaya. Ranar da aka tashi bincike, sai an bi shi gida ana roƙo, shi kuma yana cewa ya sauya waya.

Sakamakon ɗalibai da takardun ma'aikata sun fi wannan nauyi. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma fitar da sunaye da makin mutane daga akwatin makaranta zuwa akwatin gida ba abin wasa ba ne. A ganina, abin da ya shigo ta adireshin aiki, ta nan ya kamata ya fita. Haka kuma kishiyarsa: cinikin shinkafarka bai da hurumi a adireshin makaranta, domin akwatin na makaranta ne, ranar da ka bar aiki ana iya rufe shi.

A ina zan sauya shi?

A manhajar Gmail, taɓa layin From, adiresoshin da ka haɗa za su fito. A Gmail na kwamfuta layin yakan ɓuya lokacin turawa, sai ka danna wurin rubuta mai karɓa ya buɗe. A manhajar Mail ta iPhone yana haɗe da layin Cc da Bcc. A Outlook, idan ba ka gan shi ba, duba ƙarƙashin Options.

Na sa adireshina na Yahoo, amma saƙon ya dawo, wani kuma ya faɗa Spam. Me ya jawo?

Kamfanonin imel ba sa yarda da abin da aka rubuta a layin From haka kawai, domin 'yan damfara sun daɗe suna ara wa kansu sunan wasu. Akwai matakan tantancewa uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. A taƙaice, mai karɓa yana bincika ko kwamfutar da ta aiko saƙon tana da izinin aikawa da sunan wannan adireshi. Tun 2014 Yahoo ta sanar cewa a ƙi duk saƙon da ke ɗauke da adireshinta amma bai bi ta hanyarta ba, sannan a farkon 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗa ga masu aikawa.

Maganin shi ne lokacin haɗa adireshin, ka sa saƙon ya bi ta kwamfutar aika saƙo ta kamfanin da ke da adireshin, wadda ake kira sabar SMTP, da lambar ƙofa (port) 587 ko 465. Yahoo za ta buƙaci ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhaja, ba wadda kake shiga da ita kullum ba. Idan adireshin wurin aiki ne, je ka sami masu kula da kwamfutocin wurin, don wasu wuraren sun toshe wannan hanya da gangan. In sun toshe, buɗe akawun ɗin aikin kai tsaye ka tura daga can.

Idan na sauya From, ɗaya adireshin nawa ya ɓoyu ke nan?

A'a. Gangara cikin saƙon, za ka ga layin da ke nuna adireshin da aka fara aiko maka, da duk hirar da aka yi a baya jere a ƙasa. Goge abin da bai shafi mai karɓa ba. Duba sa hannun da ke ƙarshe ma, kada adireshin ƙungiya ya tafi da muƙaminka na makaranta da lambar ofis. Gmail yana ba da damar ware wa kowane adireshi nasa sa hannun.

Na riga na tura da adireshin da bai dace ba. Akwai dabara?

Idan yanzu-yanzu ne, akwai. Gmail yana nuna Undo na daƙiƙa 5, kuma a Settings kana iya ƙara shi zuwa 10 ko 20 ko 30. Mai akawun da yawa ya mayar da shi 30 tun yau. Idan lokacin ya wuce, saƙo ya tafi. Sake tura shi daga adireshin da ya dace, ka sa layi ɗaya a sama: "Ranka ya daɗe, a yi watsi da na farkon, a amsa ta wannan adireshin." Idan an riga an amsa ta wancan, tura amsar ita ma zuwa akwatin da ya dace, don zancen ya haɗu wuri ɗaya.