Filafa: 'Yan Matan da Suka Bijire wa Al'ada a Shekarun 1920

Filafa, ko Flapper a Turance, laƙabi ne da aka yi wa wani rukunin 'yan mata a Amurka da Ingila a shekarun 1920, waɗanda suka yi watsi da sutura da ɗabi'un da iyayensu mata suka tashi a kai. Ana gane su da gashi yankakke daidai kunne, da riga miƙaƙƙiya wadda ba ta tsuke ƙugu, ta kuma tsaya a gwiwa, da ƙaramar hula mai rufe goshi, da jan-baki da kwalli. Suna shan taba a bainar jama'a, suna tuƙa mota, suna fita rawa da dare ba tare da wani babba na gida ya raka su ba. An samu takwarorinsu a Faransa da Jamus da Japan.

Asali

Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, ya kwashe maza zuwa fagen fama, mata suka shiga masana'antu da ofisoshi. Bayan yaƙin an sallami da yawa daga cikinsu, amma aikin buga tafireta da haɗa layin tarho da tsaron kanti sun zama na mata. Budurwar da take karɓar albashinta a birni, nesa da idon dangi, ita ce asalin filafa, kuma nan ne ƙarfinta yake. A 1920 aka tabbatar da gyara na 19 a tsarin mulkin Amurka wanda ya ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. A shekarar ce kuma dokar haramta sayar da giya ta fara aiki, sai mashaya suka koma ɓoye, mata suka riƙa shiga wuraren da a da maza kaɗai ke zama.

Rawa da kiɗa

Kiɗan jaz da rawar Calston, wadda ta game Amurka daga 1923, sun fito ne daga baƙaƙen fatar ƙasar. Wannan gaskiya ce da ake yawan tsallakewa idan ana ba da labarin zamanin. Hoton filafa a mujallu farar mace ce, alhali mawaƙa irin su Bessie Smith da Ma Rainey sun daɗe suna rera waƙoƙin mace mai cin gashin kanta. A gidan rawa na Cotton Club da ke unguwar Harlem a New York, baƙaƙe ne ke kiɗa da rawa a kan dandamali, kujerun 'yan kallo kuwa na farare ne. Josephine Baker, haifaffiyar birnin St. Louis a Amurka, sai da ta tafi Faris a 1925 ta samu martabar da ƙasarta ta hana ta.

Fitattun mata

Zelda Fitzgerald, 'yar alƙali daga jihar Alabama, ta yi rubutu a kan filafa, ta kuma yi irin rayuwar da kanta. A fim, Colleen Moore da Louise Brooks sun yayata yankakken gashi, Clara Bow kuma, wadda ta tashi cikin talauci a Brooklyn, ta zama babbar tauraruwa a 1927. Akwai wasu da tawayensu ya wuce na ado. Bessie Coleman ta tafi Faransa ta samo lasisin tuƙin jirgin sama a 1921 saboda makarantun Amurka sun ƙi karɓar baƙar mace. A watan Agusta na 1926 Gertrude Ederle ta ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyo, mace ta farko da ta yi hakan, kuma ta fi duk mazan da suka riga ta sauri.

Suka da cin kasuwa

Limaman coci da jaridu sun yi wa 'yan matan filafa ca. Wani sanannen hoto na 1922 ya nuna ɗan sanda a bakin ruwa a Washington ya durƙusa da tef ɗin awo, yana auna tazarar da ke tsakanin gwiwar wata mata da bakin rigar wankanta, domin doka ta ce kada ta wuce inci shida. Wasu dattijan mata da suka sha wuya wajen neman 'yancin zaɓe ma ba su ji daɗi ba, suna ganin yaran sun musanya gwagwarmaya da sharholiya.

'Yan kasuwa kuwa sun ga hanyar ci. A ranar bikin Ista na Kiristoci a 1929, Edward Bernays, mai yi wa kamfanin tabar Lucky Strike talla, ya shirya wasu mata suka kunna sigari a cikin jerin gwano a New York, aka yaɗa wa jaridu cewa fitilun 'yanci ne. Abin takaici ne yadda aka sayar wa mata cuta da sunan 'yanci, alhali albashinsu bai kai na maza ba, kuma a ma'aikatu da dama aure kawai ya isa a kori mace daga aiki.

Ƙarshen zamanin

A 1928 Ingila ta sauko da shekarun zaɓen mata zuwa 21 daidai da na maza, har aka riƙa kiran zaɓen 1929 zaɓen filafa. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, matsin tattalin arziki ya biyo baya, riguna suka sake tsawo, kuma daga 1934 aka tsananta tace finafinai a Hollywood. Clara Bow ta bar fim a 1933. Zelda Fitzgerald ta rasu a gobarar wani asibiti a 1948. Josephine Baker ta zama 'yar Faransa, ta taimaka wa masu yaƙi da mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 2021 aka karrama ta a Panthéon, inda Faransa ke tunawa da gwarazanta.