Devicetree da ƙa'idar tantance shi

Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre sun san wannan: wayoyi biyu na iya ɗauke da ƙwaƙwalwar MediaTek iri ɗaya, amma in ka ɗora wa ɗaya manhajar ɗayar, sai gilashi ya ƙi kawo haske ko taɓawa ta daina aiki. Cikin dalilan akwai fayil ɗin da ake kira Devicetree, wanda ke lissafa kayan da ke cikin na'ura.

Abin da aka soka wa kwamfuta ta USB yakan faɗi sunansa da kansa. Kayan da ke kan layin I2C ko SPI (layukan da ke haɗa ƙananan kaya da ƙwaƙwalwar na'ura) a cikin waya, rauta ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuwa ba sa gabatar da kansu. Dole a rubuta wa Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar: ga abin da ke nan, ga adireshinsa, ga layin da zai ƙwanƙwasa in yana neman kulawa. Ana rubuta wannan a fayil na .dts, manhajar dtc ta mayar da shi .dtb, sannan mai tayar da na'ura, kamar U-Boot, ya miƙa wa Linux. Tsarin ya samo asali daga Open Firmware, wani tsohon tsarin tayar da kwamfuta, ya yi aiki a ƙwaƙwalwar PowerPC, ya shigo ƙwaƙwalwar ARM, irin ta wayoyi, wajajen 2011.

Matsalar ita ce dtc tsarin rubutu ta fi dubawa, ba ta san me kowane guntu (chip) yake bukata ba. Ka manta harafi ɗaya a sunan wata siffa (layin da ke bayyana wani abu game da guntu, kamar firikwensin), sai ta wuce shiru, na'ura ta tashi, firikwensin kuma ya zauna kamar babu shi. Ɗalibin injiniya a BUK zai iya ƙare mako yana zargin walda, alhali laifin na rubutu ne.

A da, bayanin abin da kowane guntu ke bukata zube ne kawai, sai mutum ya karanta. Daga Linux 5.0 a 2019 aka fara mayar da shi ƙa'idoji a tsarin rubutu na YAML waɗanda inji ke iya dubawa, ta kayan aikin dt-schema na Rob Herring. Umarnin make dt_binding_check yana duba ƙa'idar kanta, make dtbs_check kuma yana auna fayilolin Devicetree na kowace na'ura da ita.

In gargaɗi ya fito, wani lokaci fayil ɗin ne da kuskure, wani lokaci ƙa'idar ce ta manta da wata siffa ta gaske. Abin da ba na so shi ne a sassauta ƙa'ida don kawai gargaɗin ya ɓace, domin fayilolin nan ba Linux kaɗai ke karanta su ba, U-Boot da FreeBSD (wata babbar manhaja irin Linux) ma da su suke aiki.