Waiwaye: Ƙarin Idon Sawu da Likitoci Suka Daɗe Suna Ɗauka Kumburi Ne

Akwai wani ƙari da ke tsirowa a tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa ko kuben jijiya. Ba sankara ba ne, amma in aka bar shi yakan cinye guringuntsi har ya ƙwaƙule ƙashi. Iri biyu ne: mai dunƙulewa wuri guda, wanda ya fi son yatsu, da mai bazuwa, wanda ya fi kama gwiwa, yakan kuma faɗa wa idon sawu.

Tun a 1852 likitan tiyata na Faransa, Chassaignac, ya bayyana shi a jijiyar yatsun hannu. A 1941 Jaffe da Lichtenstein da Sutro a Niyok suka haɗa ire-irensa ƙarƙashin sunan da ake taƙaitawa PVNS, bisa fahimtar cewa kumburi ne kawai. Ba laifinsu ba ne. In aka buɗe gaɓar, nama ake tararwa mai launin tsatsa saboda tsohon jini, cike da ƙwayoyin garkuwar jiki.

Sai a 2006 masu bincike suka gano bakin zaren. Ƙwayoyi ƙalilan ne a cikin ƙarin ke da tangarɗar halitta da ke sa su zubo sinadarin CSF1 fiye da kima, shi kuma ya yi ta gayyato ƙwayoyin garkuwa. Wato mafi yawan dunƙulen 'yan gayya ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ire-irensa duka a rukunin ƙari guda.

A ƙafa ya fi wahalar ganewa. Idon sawu ya kumbura, ya saɓe, ya sake kumbura. A ce targaɗe ne, a tafi wurin mai ɗori. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai da farko. Hoton MRI ke tona asirinsa, don sinadarin ƙarfen da tsohon jini ya bari yana fitowa baƙi, sannan a yanki tsoka a gwada.

Ganowar 2006 ce ta buɗe hanyar amfani da ƙwayar maganin pexidartinib, mai toshe aikin CSF1, wadda Amurka ta amince da ita a 2019, Tarayyar Turai kuwa ta ƙi ta a 2020, musamman saboda illarta ga hanta. Wata ƙwayar magani irinta, vimseltinib, ta biyo baya a 2025. Duk da haka wuƙar tiyata ce kan gaba. Mai dunƙulewa galibi in aka cire shi ya tafi ke nan. Mai bazuwa kuwa yana kutsawa lungunan ƙananan gaɓoɓin ƙafa inda wuya a kwashe shi tas, shi ya sa ake ci gaba da ɗaukar hoto shekaru bayan tiyata.