Mene ne gugol?

Gugol lamba ce: 1 da sifili ɗari a bayanta. Masana lissafi suna rubuta ta 10^100, wato a jera goma har sau ɗari a yi ta ninkawa. Miliyan sifili shida gare ta, tiriliyan goma sha biyu. Wanda ya laƙaba mata sunan yaro ne ɗan shekara tara, Milton Sirotta, daga dangin Edward Kasner, malamin lissafi a Amurka, wanda ya yaɗa sunan a littafin da suka wallafa da James Newman a 1940.

Girmanta ya wuce duk abin da ake iya ƙirgawa. Ƙwayoyin zarra na duk sararin samaniyar da ake iya hangowa an ƙiyasta su kusan 10^80. Kada tazarar 80 da 100 ta ruɗe ka: sai an ninka wancan adadi da 1 mai sifili ashirin kafin a kai gugol.

Abin sha'awar shi ne, duk da wannan girma, ana sanin halinta da biro da takarda. Tunda 10 ita ce 2 sau 5, gugol ba ta ƙunshi komai ba sai 2 guda ɗari da 5 guda ɗari. Duk lambar da za ta raba ta ba saura, dole ta ɗauki 2 daga babu zuwa ɗari, haka ma 5. Zaɓi 101 sau 101 ke nan, lambobi 10,201 cif. Babu 3 ko 7 ko 11 a cikinsu. Kuma idan ka ninka 10^50 da kanta, gugol za ta ba ka.

Saura ma ba wuya. Raba 10 da 7, saura 3. A 100 saura 2, a 1,000 saura 6, sai 4, sai 5, sai 1, daga nan zagayen ya koma farko. Taki shida ne. Gugol taki na ɗari ce, ɗari kuwa tana da shida sau 16 da ragowar 4, saboda haka a tsaya a taki na huɗu: saura 4. Ma'ana, in yau Jumma'a ce, bayan kwana gugol Talata za ta kama. Idan kuma aka ƙara mata 1, sai 73 da 137 su raba ta. Lamba ta farko a samanta wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta ita ce gugol da 267.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen na'ura. Yawancin kalkuletocin ɗalibai suna tsayawa dab da gugol. Shi ya sa suke iya ninka 1 sau 2 sau 3 har zuwa 69, amma da ka ƙara 70 sai su nuna kuskure, domin amsar ta haura gugol da kusan kashi 20 cikin ɗari. Excel kuwa, manhajar lissafi ta kwamfuta, lambobi 15 na farko kawai yake riƙewa, don haka gugol da gugol haɗe da 1 duk ɗaya ne a wurinsa. A Python, wani yaren ba kwamfuta umarni, rubuta 10**100 ka sami lambar daidai. In ka rubuta 1e100, wata gajeriyar hanyar rubuta gugol, kwamfuta za ta ajiye ƙiyasi ne kawai, wanda bayan sifili goma sha shida yake ci gaba da 159 a inda ya kamata a ga sifili.