Waiwaye: Yadda masu farauta da shaho suka shiga aikin ceton tsuntsaye

A shekarar 1999 gwamnatin Amurka ta cire shahin, shahon nan da ya fi kowane tsuntsu gudu, daga jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A tsakiyar shekarun 1960 babu ko sheƙa ɗaya da ta rage yana ƙyanƙyasa a gabas da kogin Misisifi. Da yawa daga cikin waɗanda suka dawo da shi mafarauta ne, mutanen da aka daɗe ana zargi da kwashe 'ya'yan tsuntsaye daga sheƙa. Tun daga lokacin masu wannan sana'a ke kiran kansu masu kare namun daji. Akwai gaskiya a maganar, amma ba ko'ina ta kai ba.

Farauta da tsuntsu ta yi shekaru dubbai a Asiya ta Tsakiya da Gabas ta Tsakiya. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbobin farauta horarru suka kamo, malaman fiƙihu kuma suka sa tsuntsu a cikin hukuncin. A Turai ta zama ado ga sarakuna. Sarki Firedarik na Biyu, mai mulkin Jamus da Sisili, wanda ya rasu a 1250, ya rubuta littafi guda a kanta, kuma a wajen Larabawa ya ga hular fatar da ake rufe wa shaho ido, ya yaɗa ta a can. Da bindiga ta bazu, sai sana'ar ta koma hannun 'yan tsiraru.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin shi ne tsarin Larabawan ƙauye. Sukan kama shaho lokacin da yake ratsa hamada a ƙaurarsa ta kaka, su hore shi cikin 'yan makonni, su yi farautar zomo da hubara, wata irin tuje, duk tsawon sanyi. Idan zafi ya matso sai su sake shi, domin ba su da naman ciyar da shi, shi kuma ba zai jure zafin ba. Aro suke yi, su mayar.

Horon kansa aikin haƙuri ne. Shaho ba ya sanin ubangida kamar kare, kuma duka ko tsawa ba sa koya masa komai sai tsoro. Mai horo zai ɗora shi a kan safar fata, ya yi ta yawo da shi dare da rana har ya daina zabura da motsin mutane. Zai riƙa lura da nauyinsa kullum, a da ta hanyar shafa ƙashin ƙirji, yanzu da sikeli: in ya ƙoshi ba zai dawo ba, in ya rame ba shi da ƙarfin tashi. Daga nan sai kira daga taku kaɗan, da doguwar igiya a ƙafa, ana kaɗa masa damin fuka-fukai da aka ɗaura wa nama. Ranar da aka kwance igiyar, tsuntsun ne ke da zaɓi. Wannan sanin halin tsuntsu, na mutumin da ya kwana ya tashi da shi, shi ne abin da masana suka buƙata da masifa ta zo.

Masifar ita ce maganin ƙwari na DDT, wanda aka yi ta fesawa a gonaki bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙananan tsuntsaye su ci ƙwarin, shaho ya ci tsuntsayen, gubar ta taru a jikinsa. A 1967 wani masani ɗan Birtaniya, Derek Ratcliffe, ya auna ɓawon ƙwayayen da aka adana a gidajen tarihi, ya nuna cewa ɓawon ya yi siriri tun daga ƙarshen shekarun 1940. Uwa ta kwanta a kan ƙwai, ƙwan ya fashe a ƙarƙashinta. Amurka ta haramta DDT a 1972, sai dai a wurare da yawa babu sauran tsuntsun da zai hayayyafa.

Tom Cade, malami a Jami'ar Cornell kuma mai farauta da shaho, ya kafa ƙungiyar Peregrine Fund a 1970. Mafarauta suka ba da tsuntsayensu aka haɗa su haihuwa a killace, abin da mutane da yawa suka ɗauka ba zai yiwu ba. Wajen saki ma tsohuwar dabararsu aka ɗauko. Akan sa 'ya'yan a akwati a kan dutse ko dogon bene, a riƙa zura musu abinci ba tare da sun ga hannun mutum ba. Bayan an buɗe ƙofa sai su riƙa fita suna dawowa ci, har ranar da suka iya kama nasu. Ta haka ƙungiyar ta saki shahin sama da 4,000. Irin wannan dabara ta ceci ƙaramin shahon tsibirin Morishiyos, wanda guda huɗu kacal aka sani sun rage a 1974, yau kuma ana ƙirga su da ɗaruruwa.

A ɗaya ɓangaren labarin bai yi daɗi haka ba. Da arzikin man fetur ya zo ƙasashen Larabawa, mota ta maye gurbin raƙumi, na'urar sanyaya ɗaki ta sa ba dole a saki tsuntsu ba, farashin shaho mai kyau kuma ya kai dubban daloli. Masu tarko suka bazama Kazakistan, Rasha da Mongoliya neman shahon sakar, musamman mata, don sun fi maza girma. Kwashe mata kuwa yanke zuri'a ne. Yanzu sakar yana cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Hubara ma ta sha wuya, har Kotun Ƙolin Pakistan ta hana farautarta a 2015, ta kuma janye hanin a farkon 2016.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi ƙoƙarin gyara. Shugabanta na lokacin, Shaihu Zayed, ya fara shirin mayar da shaho daji a 1995, aka buɗe asibitin shaho a Abu Dabi a 1999, aka kuma ɓullo da fasfo na tsuntsu domin toshe fasa-ƙwauri. A Mongoliya an kafa sheƙa 5,000 ƙirar hannu a kan turaku a 2010. A can ne aka gano cewa turakun lantarki marasa kariya suna kashe sakar da dubbai kowace shekara, aka shiga rufe wayoyin. A ganina wannan aikin ya fi kowane biki amfani, ko da yake ba shi ake nunawa a talabijin ba.

Hukumar UNESCO ta sa sana'ar cikin gadon al'adun duniya a 2010 da ƙasashe 11, zuwa 2021 sun kai 24. A yau yawancin mutane ba a fagen farauta suke haɗuwa da waɗannan tsuntsaye ba, a cibiyoyin ilmantarwa ne, irin wadda aka buɗe a Boise ta jihar Idaho a Amurka a 1984. Yaron da gaggafa ta wuce saman kansa har ya ji iskar fiffikenta ba zai manta ba, na yarda da wannan. Damuwata ita ce wuraren da suka mayar da mujiya abin ɗaukar hoto, tana ɗaure yini guda a cikin hayaniya, yaro ya koma gida da sha'awar mallaka. Cibiyar kirki takan gaya wa baƙo abin da ke kashe tsuntsun a daji. Takan ba shi labarin maganin shanu na diclofenac da ya hallaka sama da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'in ungulu a Indiya kafin a hana shi a 2006. Takan kuma nuna masa ɓarɓashin harsashin dalma a cikin mushe, wanda ke kashe babbar ungulun Kalifoniya, har jihar ta hana farauta da irin wannan harsashi gaba ɗaya daga 2019.