Injin fasa tsakuwar ƙoda ba shokin yake yi wa mutum ba

Wai har yanzu mutane na ɗauka injin nan na fasa tsakuwar ƙoda lantarki ake jona wa mutum, wasu kuma su ce narkar da ita yake yi. Ko ɗaya babu.

Girgiza ce mai ƙarfi irin ta sauti, injin ke haifar da ita cikin ruwa, likita ya saita ta daidai kan tsakuwar da hoton eksire ko sikanin. Tana ratsa fata da tsoka salin alin don mafi yawan jikinmu ruwa ne, amma da ta ci karo da abu mai tauri sai ta matse shi, ta kai bayansa ta dawo tana yage shi, ga kuma wasu 'yan kumfa da ke tasowa a gefen tsakuwar suna fashewa suna gutsurarta. Bugu ɗaya fa ba ya komai, sai an yi dubu 2 zuwa 3 cikin ƙasa da awa guda. A Munich ta Jamus aka fara yi wa mutum a 1980.

Kuma tsakuwar ba ɓacewa take ba, rairayi take komawa ka riƙa fitsarinta kwanaki ko makonni, wani lokacin da ɗan jini da murɗa. In ta wuce santimita 2 galibi wata hanyar ake bi, mai ciki kuwa sam ba a yi mata.