Sista, tsawa ba koyarwa ba ce

Da ku nake, manyan ma'aikatan jinya, mu da muka daɗe a bakin aiki. Abin ya ishe ni. Duk sanda aka turo sababbin nas daga makaranta, labarin ɗaya ne. Yarinya ta zo da ɗokinta, tana tambayar komai. Kafin wata uku sai ka ga ta yi tsit. Ba iyawa ta yi ba, kunyata ta aka yi. Ta tambayi yadda ake lissafin ɗigon ƙarin ruwa, aka daka mata tsawa a gaban majinyaci da masu jinyarsa: "Me aka koya miki a makarantar?" Shi ke nan, an kulle mata baki.

Wadda ta daina tambaya kuwa kintace za ta koma yi, kuma kun san inda kintace yake kai mutum a wannan aiki. Insulin, allurar ciwon suga, da heparin, maganin hana jini daskarewa, ba a wasa da adadinsu. Sinadarin potassium mai ƙarfi in aka tura shi cikin jijiya ba a sirka ba, zuciya yake tsayarwa. Maganin yara da nauyin jikinsu ake auna shi, ɗigon da ke tsakanin lambobi ya kauce a lissafi an ninka maganin sau goma. Ga sabuwar nas tsaye da sirinji a dutin dare, ranta na ce mata ta je ta tambaya, sai ta tuna tsawar jiya ta fasa. In wani abu ya faru, ita za a kira ofis. Ke da kika hana ta tambaya fa?

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoye kuskure. Kuskuren da aka faɗa da wuri sau da yawa ana iya tare shi: a kira likita, a sa ido, a ba da abin da zai karya ƙarfin maganin. Amma wa zai kawo kansa wurin mai zagi?

Na san amsar da za a ba ni: "Mu ma haka aka yi mana, ga shi mun iya." Haba Sista! Kin iya ne duk da tsawar. Ki lissafa waɗanda kuka fara tare, nawa ne suka ajiye aikin? Na kuma san gajiya, na san yadda mutum biyu ke riƙe ɗakin da ya kamata a ce mutum biyar ne a ciki. Allah ya saka muku, ba ƙaramin aiki kuke yi ba. Sai dai rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9. Duk wadda muka kora da baki, mu za mu ɗauki dutinta.

Kuma iya aiki daban, iya koyar da shi daban. Patricia Benner, wata malamar jinya a Amurka, ta bayyana tun 1984 cewa nas tana bin matakai biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, kuma sai ta yi shekara biyu zuwa uku a aiki iri ɗaya kafin ƙafarta ta tsaya. Gwanar kuwa kallo ɗaya take yi wa majinyaci ta san ya rikice, amma ka ce ta faɗi yadda ta gane, sai ta rasa. Shi ya sa take ganin yarinyar tana da nawa, sai tsaki. Wannan ne dalilin da ya sa ake horar da manyan su zama masu raino. A Ingila, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, wato NHS, ta fitar da tsari na ƙasa a 2022 wanda ya tanadi mai raino ga kowace sabuwar nas, da horo ga mai rainon, da lokacin da aka ware musu su zauna. Shugabannin asibiti, ku daina haɗa yarinya da duk wadda ta fi daɗewa ku ce an gama. In an kira horon, manya, ku je, ba raini ba ne.

Kafin nan, ga abin da ba ya buƙatar kasafi:

Gyara a keɓe, ban da gaban majinyaci, sai in rai ne a hatsari, nan ma a tsayar da hannunta a hankali.
Nuna mata, ku yi tare, sannan ta yi kina kallo.
Ki riƙa faɗin abin da kike tunani a fili yayin da kike duba majinyaci.
Magani mai haɗari, mutum biyu su duba kafin a ba da shi.
Minti goma bayan miƙa aiki, ki tambaye ta abin da ya shige mata duhu yau.
Kada a bar ta ita kaɗai a dutin dare a makonninta na farko.

Samarin nas ma haka, su sun ma fi ɓoye rashin sani. Ku kuma sababbi, ko an harare ku, ku tambaya kafin allura ta shiga jikin mutum.